'Yar Kwalin Da Ta Riga Mai Ita Zuwa Arlit

Ko ranar da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, in riƙa neman hulata alhali tana bisa kaina, na san abu ɗaya ba zai bi sauran ya tafi ba: makonni ukun da na yi ina yawo da wata yarinya ta kwali a aljihun rigata cikin garin Arlit. Waɗanda suka san ni za su gyara zama, su ce yau ma Sarkin Surutu ya zo da wata. Ba laifinsu ba ne. Ni mutum ne da ko gaisuwar mutuwa na je, can baya ake zaunar da ni, kada in sa masu makoki su yi abin kunya. To akwai dariya a labarin nan, ban hana kowa ba. Sai dai ku yi ta da wuri, don ba ta kai ƙarshe ba.

Ni direban kar ne, irin dogayen motocin nan masu kwasar ma'aikata daga gari zuwa wurin haƙar yuraniyom su komo da su. Daga Damagaram na zo, ina siriri kamar karan dawa. Yau kuwa tumbina kan riga ni shiga ɗaki, ya gama gaisawa da mutane kafin in iso. Mota ɗaya ta kawo mu da taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Kun san taubasai ba sa raga wa juna: ni ina ce masa bawana, shi yana ce mini Buhun Gero, a haka muka fara furfura. Shi ƙarƙashin ƙasa ya yi aiki, a ramin Akokan, shekara da shekaru. Da aka rufe ramin, aka karɓe gidan kamfani, sai ya sa matarsa da 'yarsu ɗaya tilo a mota zuwa Damagaram, wai kafin abubuwa su daidaita. Ya dawo gidan da nake haya, ɗakinsa na kallon nawa, ya samu gadi a wani garejin kamiyo, manyan motocin ɗaukar kaya. Abubuwa ba su daidaita ba. Shekara biyu bai je gida ba, ya ce ba zai shiga unguwa hannu na dukan cinya ba. Ana cikin haka tari ya kama shi.

Da farko ba'a na riƙa yi masa, na ce ko injin da ya shekara goma a ajiye ya fi shi daɗin tashi. Wata biyu, wata uku, mutum ya fara narkewa kamar man shanu a rana. Gidan likita suna da sunan da suke kiran ciwon, mutanen gari suna da nasu, ni ba likita ba ne, ba zan sa baki ba. Abin da na gani shi ne agogon hannunsa ya koma zamewa har gwiwar hannu.

A nan sai na yi muku bayanin wata ɗabi'a tamu, mu da muka baro gida muka zo neman abinci a wannan ƙarshen duniya. Ba ma aika mugun labari kudu. Dabino muke aikawa, da taliyar Aljeriya, da hoton da muka ɗauka ranar Sallah. In ƙafarka ta karye ka ce ka ɗan yi tuntuɓe. In kana kwance ka ce mura ce, da sauƙi. Muna ganin hakan mutunci ne: mutanen gida ba abin da za su iya yi maka daga nisan kwana biyu a mota, me zai sa ka hana su barci? Taubashina ya riƙe wannan ɗabi'a da haƙori. Ya sa na rantse masa ba zan faɗa wa matarsa ba. Har tsari muka yi. In ta kira, sai ya kurɓi ruwan ɗumi da zuma, ya yi magana minti biyu da murya mai ƙarfi, da ya ji tarin na tasowa sai ya ce, "Ga Buhun Gero nan yana ta zungurina, wai sai ya gaishe ki." Ni kuma in karɓi wayar in fita waje, in cika mata kunne da shirme har kuɗin wayarta su ƙare. In ta ce a kunna hoto su ga juna, mu ce rezo, wato sabis ɗin waya, ba kyau. A Arlit wannan ƙaryar ba ta buƙatar shaida.

Wata ranar Talata aka kira ni daga tasha, wai motar Agadas ta zo mini da saƙo. Na tafi ina haɗiyar yawu, na zaci kilishi ne. Aka miƙo mini ambulan marar nauyi. Na buɗe a gaban 'yan tasha, sai ga mutum ta fito. Yarinya ce aka zana a bayan kwalin sukari aka yanke da almakashi, tsawon tafin hannuna da ɗan ƙari. An yi mata riga shuɗiya, an manna baƙin zare a ka a matsayin kitso, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo don an ɗaga shi ana gaisuwa. Baki kuwa har kunne, da giɓi a gefe. Tare da ita akwai ɗan kaye, littafin rubutun 'yan makaranta, da wasiƙa, rabi Faransanci rabi Hausa.

'Yar taubashina ce ta aiko, lokacin tana da shekara tara. Madam ɗinsu ta lekol, malamar makarantarsu, ita ce ta ba su aiki: kowane yaro ya zana kansa, ya yanke, ya aika wa ɗan'uwansa da ke wani gari. Shi kuma ya zaga da zanen, ya ɗauke shi hoto a wurare ya turo ta waya, ya rubuta a kaye abin da baƙon ya gani, ya maido kafin ƙarshen wata. Ta haka ajin zai san ƙasarsa bai hau mota ba. Ni ta aiko wa, don an ce mata Babanta aiki ya yi masa yawa, Kawu kuwa yawo ne sana'arsa. Wuri huɗu ta roƙa: cikin kar ɗina, kasuwa, gidan da aka haife ta, sai na huɗu, wanda ta ja wa layi biyu da jan bik: a hannun Baba.

Na kai masa. Yana kishingiɗe a katifa, ya karɓi kwalin da hannu biyu kamar an miƙa masa jaririya. Ya daɗe yana kallo. "Ta yi giɓi," ya ce. "Ba wanda ya gaya mini ta yi giɓi." Na karanta masa wasiƙar. Da na zo na huɗun sai ya dubi hannuwansa, ya dubi ƙirjinsa, ya miƙo mini ita.

"Ka yi mata ukun. Na huɗun a bari in ɗan murmure."

"Kai bawa, ko shekara ka yi kana cin rago ba za ka kamo ni ba. Tashi mu ɗauka."

"Buhun Gero," ya ce, ba alamar wasa, "rabon yarinyar nan da ni ina ɗaga ta da hannu ɗaya. Ba za ta gan ni haka a gaban 'yan ajinsu ba."

Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce ta farko cikin waɗanda har yau nake ƙirgawa.

Washegari Hajiya Kwali, don haka na raɗa mata, ta fara aiki. Na jingine ta jikin gilashin gaban kar, na sanar da ma'aikata cewa babbar baƙuwa ta zo daga kudu duba yadda suke zama, duk wanda ya yi gyangyaɗi za ta rubuta sunansa. Ƙarti masu gemu, waɗanda ko shef ɗinsu na wurin aiki ba sa yi wa murmushi, suka riƙa shigowa suna cewa, "Hajiya, ina kwana, ya gajiyar hanya?" Wani ya ce a ba ta sitiyari, ta fi ni dacewa, tunda ita ba ta surutu. A ƙofar shiga wurin haƙar, mai gadi ya tsare mu fuska a murtuke, ya ce ba mai shiga ba bajin shaida a wuya, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki ko uwar wa ce. Ya ajiye ta a ɗakinsa. Da na fito na tarar ya yanki 'yar takarda ya rataya mata da zare, ya ce gobe kada ta zo ba shi.

A kasuwa na tsayar da ita bisa tulin dabino. Wata mai atamfa ta ce ba a yawo da 'ya mace kai ba ɗankwali, ta yanko ƙyalle ta ɗaura mata. Na kai ta inda kamiyoyin Assamaka, masu zuwa iyakar Aljeriya, ke lodi, na kai ta bakin gari inda ake hango tarin ƙasar da aka tono daga rami, wanda baƙo ke zaton duwatsu ne. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke mu ya ce kuɗin mutum uku zan biya, ni biyu, ita ɗaya. Kowane hoto da bayaninsa a kaye, kuma a nan ne na saki jiki. Na rubuta cewa kajin Arlit dafaffen ƙwai suke yi saboda zafi. Na ce kamiyon Assamaka in ya gama lodi sai direba ya jira wata ya faɗi kafin ya tashi, kada kaya su goge shi. Tarin ƙasar nan kuwa na ce Babanta ne ya tono shi, shi kaɗai, da cokalin shayi.

Da yamma sai saƙon murya ya shigo daga wayar uwarta, yarinyar tana dariya har numfashinta na sarƙewa. Wai Madam ta karanta wa aji, wai wanda ya aika nasa Yamai ma bai samu dariya kamar nata ba. Taubashina yakan sa in maimaita masa sau uku, sau huɗu, wayar bisa ƙirjinsa. Kowane saƙo da magana ɗaya yake ƙarewa: "Kawu, saura na Baba."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani tsohon Buzu mai garka da muke sayen salati wurinsa. Ya karɓi kwalin ya juya, ya ce da Hausarsa ta Buzaye, "Wannan yarinya, shi ba ya cin abinci? Ya bushe ƙwarai." Na faɗa masa 'yar wa ce, don ya san uban. Ya miƙo mini kwalin ya ce, "Uba yana kwance, kai kana yawo da takarda. Yarinya na gaskiya, ina shi?" Na ce tana lekol. Ya ba ni tumatir uku in kai wa marar lafiya, bai ƙara ce mini komai ba. Na tafi ina cewa a raina tsofaffin nan ba su san wasa ba.

Gidan da aka haife ta a Akokan na tarar an cire ƙofa da tagogi, akuya na tuƙa a ɗakin uwarta. Dogon yaron da uban ya shuka ne kaɗai ke nan da ganye. Na saƙale Hajiya a reshe, na ɗauko hoton yadda ba a ganin gini, na rubuta: gidanku na nan yana jiranki.

Saura mako ɗaya wa'adi ya cika, mutumina bai murmure ba, ko gadin ma ya bari. Sai wata dabara ta zo mini, irin wadda ba mai yin ta sai ni. Tsofaffin kayan aikinsa na nan a akwati: hular kwano, tabarau mai rufe rabin fuska, abin rufe hanci, da rigar aiki. Na ce wa zai gane mutum a cikin wannan shiga? Na saka. Rigar ta ƙi rufuwa. Na tsuke ciki, maiɗakina tana ja ta nan ina ja ta can, maɓalli ɗaya ya tashi kamar harsashi ya bugi kwanon tuwo. Taubashina ya yi dariyar da rabonsa da ita wata huɗu, ya yi ta har ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Na ga abin da ya fito a tsumman da ya sa a baki, ya ga na gani, ya dunƙule shi ya tura ƙarƙashin katifa. Duk da haka na tsaya jikin bango, na ɗaga Hajiya Kwali, aka ɗauka, na tura. Na rubuta: ga Baba ya taso daga aiki.

Ranar ba saƙon da ya shigo. Sai washegari da la'asar, kuma ba dariya a ciki.

"Kawu, wannan kai ne. Babana yana da tabo a bayan hannu, inda ƙarfe ya ƙone shi. Kuma Babana ba shi da wuya uku. Ban nuna wa Madam ba." Ina jin kukan 'yan tsaki a tsakar gidansu. "Kawu, ko Baba ba ya son ya ɗauki hoto da ni ne? Ko don ban iya zane ba? In hannun ne, zan sake wata, in daidaita su."

Ban gama saurara ba uwarta ta kira. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, don girman Allah ka faɗa mini. Lafiya yake?"

Ƙofa ce Allah ya buɗe mini, faffaɗa, wadda ko ni da tumbina zan wuce ban goga ba. Na ce, "Haba, lafiyarsa lau, 'yar mura ce, da sauƙi. Kin san bawan nawa da tsoron hoto, kar a ga muninsa." Na ɗora mata labarin maɓallin da ya bugi kwano. Ta yi dariya, 'yar kaɗan, irin ta wanda yake so ya yarda.

Na kunna masa saƙon yarinyar. Ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe. Can ya ce, "Kira mini wanzami. Ka ciro babbar rigata ta Sallah."

Da safe muka shirya shi kamar ango. Riga uku muka jera masa a ciki kafin babbar. Kumatun ne suka gagara, sai muka aro rawani muka naɗa masa irin naɗin Buzaye, ido kawai a waje. Na ɗaga shi na jingine da bango, nauyinsa bai kai na buhun gawayi ba. Ya riƙe kwalin a ƙirji, ya juyo bayan hannun nan mai tabo yadda za a gani. Na ɗauka. Sai ya ce, "Fita ka ba mu wuri, ina da magana da baƙuwata."

Na zauna a bakin ƙofa, labule ne kawai tsakaninmu. Na ji yana ba kwali labarin ranar da aka haife ta, yadda ya fito daga rami aka faɗa masa, ya manta da kar ya yanko da gudu a ƙasa. Na ji yana cewa ta riƙe karatu, kada ta yi wa uwarta gardama, in ta ji an ce ya ƙi zuwa gida ne kada ta yarda. Yana yi yana hutawa.

A haka maƙwabciyarmu ta same ni. Wata Kirista ce 'yar Maradi, ma'aikaciyar jinya, ita ke zuwa yi masa allura ba ta karɓar ko sisi. Ta tsaya da jakarta a hannu, ta saurara kaɗan, sannan ta ja hannun rigata har zaure.

"Baban wasa, kana jin abin da nake ji? Mutumin nan sallama yake yi da kwali. Mai kunnen tana can da ranta."

"Na yi masa rantsuwa, Madam."

"Ka yi kaffara. Ni ban san malaminka ba, amma na tabbata ba zai ce ka ɓoye wa mace mijinta har a rufe shi ba. Shekarata nawa ina wannan aiki. Ba watanni nake gaya maka ba, ba makonni ba. Kira ta yau."

Na ce to. Ban kira ba. Hoton ya je, yarinyar ta aiko da ihun murna, wai ga tabon nan, wai Babanta ya zama Buzu, Madam ta ce nata ya fi na kowa cika. Shi kuma ranar har ya sha kunu rabin kofi. Na ce wa kaina kun gani, an rabu lafiya, jikin ma da sauƙi. Ƙaryar da na yi watanni ina yi wa mutane ta juyo ta kama ni. Kwana biyu na yi a haka. Kwana biyun nan, da ana sayen kwanaki a kasuwa, da na sayar da duk abin da na mallaka na fanso su.

A rana ta uku da safe ya kasa riƙe kofin. Na fita bayan gida na kira matarsa, na faɗa mata komai a tsaye, ba kwana-kwana. Abin da ta fara tambaya shi ne:

"Tun yaushe?"

"Wata biyar."

"Wata biyar, Yaya. Kuma kullum kana ba ni dariya."

Motar ranar ta riga ta tashi, sai ta washegari suka samu. Na shiga na faɗa masa abin da na yi, ina jiran faɗa. Ya dube ni, ya ce, "Ashe kai ne bawan, tunda ka ci amanar ubangidanka." Sai ga hawaye, kuma yana murmushi. Mutumin da ya yi wata biyar yana hana su zuwa, daga wannan sa'a bai da wata magana sai hanya. Sun tashi? Sun wuce Tanut? Sun shiga Agadas? Ya sa na jingine kwalin a bango daidai inda idonsa ke sauka. Ya ce in cire rawanin nan daga ɗakin, in sun zo haka za su gan shi.

Sun kwana a tashar Agadas, suka kamo hanyar Arlit da sassafe. Wanda bai san hanyar nan ba zai ce ai kusa ne. Kwalta ta daɗe da yin ƙaura, ramuka ne da rairayi, mota na tafiya kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga ba rezo. Tayarsu ta fashe sau biyu. Da hantsi ya tambaye ni ƙarfe nawa, na faɗa masa. Ya ce, "Sun kusa." Na ce sun kusa. Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni, bayanta sai kalmar shahada.

A zafin Arlit gawa ba ta jira. Liman ya ce bayan azahar. Na roƙa, ni da ban taɓa roƙon kowa ba tare da wasa ba, aka ƙara mini zuwa la'asar. Na yi ta kiran wayarta, ba ta shiga. Aka yi la'asar, aka sallace shi, muka kai shi. 'Yan kar ɗina duk sun zo, har mai gadin ƙofa. Motarsu ta shigo tasha rana na shirin faɗuwa, ƙasar kabarin ba ta fita daga farcena ba.

Uwar tana saukowa ta dubi fuskata, ta dubi bakina da ke rufe, ta zauna a ƙasa nan cikin mutane. Ba ta taɓa ganina shiru ba, wannan ya ishe ta. Yarinyar kuwa tana riƙe da ƙullin ƙuli-ƙulin da ta kawo wa Babanta tsaraba. Ta ce, "Kawu, ina Baba?" Wallahi sai da na ji bakina ya fara haɗa "da sauƙi" da kansa. Na cije shi. Na durƙusa na ce mata Allah ya yi masa rasuwa yau da hantsi.

Kukan ba zan ba ku labarinsa ba. Abin da zan faɗa ya faru ne washegari, bayan masu gaisuwar safe sun ragu. Na shiga ɗakinsa na same ta ita kaɗai a bakin katifa, kwalin a hannunta. Gefunansa duk sun yi laushi saboda riƙo.

"Kawu, ya yi mata magana?"

"Ya yi."

"Ka ji?"

"Na ji."

"To faɗa mini. Amma kada ka ƙara gishiri."

Ni da nake mai da tafiyar minti biyar labarin awa guda, ranar na zauna ina tsinto kalmomin wani ɗaya bayan ɗaya, ina tsoron kada tawa ta shiga ciki. Na faɗa mata gudun da ya yi daga bakin rami, da zancen karatu, da na uwarta, da cewa bai ƙi zuwa gida ba. Inda na manta na ce na manta. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi kuka ba. Sannan ta dubi kwalin ta ce, "Ita ta yi kwana ashirin da shi. Ni da kun faɗa, ko kwana ɗaya ya ishe ni."



Uwar ta ce ta yafe mini, kuma na yarda har zuciyarta ta faɗa. Yarinyar yanzu ta fara zama budurwa, tana kirana ranar Sallah, ina tsokanarta tana dariya. Amma duk abin da na gaya mata, ko cewa na yi an yi ruwa a Arlit, sai ta ce, "Da gaske, Kawu?" Wannan tambayar ni na saya da hannuna, kuma ba ta da ranar ƙarewa.

Ban bar wasa ba, ba zan iya ba, haka aka halicce ni. Amma na koyi cewa abin da muke kira kwantar wa mutanen gida da hankali, sau da yawa kunyarmu muke rufewa, su kuma mu ƙwace musu abin da yake haƙƙinsu: su zo, su gani, su riƙe hannu, su yi kukansu a kan lokaci. Shi ya ji kunyar ramarsa, ni na ji tsoron zama mai kawo mugun labari, muka haɗu muka yanke wa mace da 'yarta hukunci ba mu tambaye su ba. Tun daga ranar, in ɗan'uwanmu ya kwanta a garin nan, ni nake karɓar lambar gidansu. 'Yan kar sun sani, har sukan ce in ka ga Buhun Gero ya koma gefe da waya ba ya dariya, to ka fara addu'a. Nakan yi sallama, in faɗi sunana, in ce, "Jikin ya yi tsanani. In da hali, ku taso yau."